Wayar da ka saya amma ba ta zama taka ba

Mai neman iPhone ta hannu a shagunan waya na Gombe, kafin ya tambayi lafiyar batir ko ya duba ko an taɓa canza gilashi, abin da yake fara tambaya shi ne ko wayar buɗaɗɗiya ce ko kuwa mai cif ce. Za a ajiye masa wayoyi biyu iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, amma ya ji rata mai yawa a farashi, don kawai ɗaya tana karɓar layin MTN ko Airtel ko Glo kai tsaye, ɗayar kuwa sai an cusa mata wani ɗan siririn cif a ƙarƙashin layin kafin sabis ya hau. Mutane da yawa sun ɗauka wani aibu ne wayar ta zo da shi daga masana'anta, alhali lafiyarta ƙalau. Da gangan aka kulle ta, kuma kullen ragowar wani ciniki ne da aka ƙulla a wata ƙasa tsakanin kamfanin sadarwa da mutumin da ya fara riƙe ta.

Wannan ciniki baƙo ne a wurinmu, shi ya sa yake buƙatar bayani. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agusta na 2001, tsarin da muka tashi da shi shi ne waya daban, layi daban. Mutum ya sayi wayarsa da kuɗinsa a kasuwa, ya sayi layi, ya riƙa sa kati gwargwadon abin da aljihunsa ya iya, ranar da ba shi da hali kuma ya haƙura babu mai binsa bashi. Idan sabis ɗin wani kamfani bai kai ƙauyensu a Nafaɗa ko Dukku ba, sai ya zare layin ya sa wani, kuma wannan ɗabi'a ce ta sa wayoyi masu layi biyu irin su Tecno da Itel da Infinix suka mamaye kasuwarmu. Daga watan Afrilu na 2013 ma an ba mai layi damar ya koma wani kamfani da lambarsa ba tare da ta canza ba.

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai kuwa, an shafe shekara da shekaru ana yin akasin haka. Kamfanin sadarwa ne yake sayo wayar daga mai ƙera ta a kan cikakken farashi, sannan ya miƙa wa mai saye a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, wani lokaci ma ya ce kyauta ce, bisa sharaɗin mutum ya sa hannu a kwantiragin shekara biyu yana biyan kuɗin kira da data kowane wata. Banza ba ta kai zomo kasuwa: gibin da kamfanin ya cike a ranar farko yana nan a ɓoye cikin kuɗin watan, ana tatsarsa kaɗan-kaɗan har wa'adin ya cika. Don kada mai saye ya karɓi wayar ya gudu wurin kishiyar kamfanin, sai aka kafa shinge biyu. Na farko tara ce mai nauyi a kan duk wanda ya fasa kafin lokaci, na biyu kuma kulle wayar ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai na wanda ya sayar da ita. Duk wanda ya san yadda ake ba ɗan acaɓa sabon babur ya riƙa kawo balas kowane mako, takardun kuma suna hannun mai babur har sai an gama biya, ya riga ya fahimci rabin zancen. Bambancin shi ne ɗan acaɓa ya san bashi ya ci kuma ya san jimillar abin da zai biya, mai sayen waya kuwa an gaya masa rangwame aka yi masa.

Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar a tarihin iPhone. Da kamfanin Apple ya fitar da ta farko a ranar 29 ga Yuni, 2007, an sayar da ita a kan dala 499 da dala 599, kuma kamfanin AT&T kaɗai aka yarje wa ya ɗora ta a kan layinsa a Amurka. Abin da ya ba mutane haushi tun daga farko shi ne sun biya kuɗin wayar cif-cif babu wani rangwame, amma duk da haka sai sun ɗauki kwantiragin shekara biyu, kuma wayar a kulle take. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka Apple ya zabtare dala 200 daga farashin, waɗanda suka kwana a layi don su zama na farko suka ji an ci da guminsu, ƙorafi ya yi yawa har shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya fito ya ba da haƙuri tare da ba kowannensu damar sayayyar dala 100 a shagunan Apple.

Akwai wata kafa da tsarin na farko ya bari a buɗe. Mutum yana iya sayen wayar a shago ya tafi da ita gida a kwalinta, sai ya haɗa ta da kwamfuta ta manhajar iTunes sannan ya ƙulla kwantiragin da kansa. Wanda bai ga dama ba kuwa, ba ya ƙulla komai. A watan Agusta na wannan shekara wani matashi ɗan shekara 17 mai suna George Hotz ya nuna wa duniya cewa ana iya buɗe wayar ta karɓi wani layi, kuma ba a daɗe ba hanyoyin buɗewa ta manhaja suka bazu. 'Yan kasuwa suka riƙa saye da yawa suna fitarwa zuwa ƙasashen da ba a fara sayar da ita ba. Apple da kansa ya ƙiyasta a watan Oktoba cewa cikin wayoyi miliyan 1.4 da ya sayar, kimanin 250,000 an saye su ne da niyyar a buɗe su. Martanin kamfanin ya yi tsauri: ya fitar da sabuntawar manhaja da ta sa wayoyi da yawa da aka buɗe suka daina aiki, ya taƙaita saye zuwa waya biyu ga mutum ɗaya, ya kuma daina karɓar tsabar kuɗi sai katin banki don a san wanda ya saya.

Shekara ta zagayo aka sake lale. A ranar 11 ga Yuli, 2008, iPhone 3G ta fito a kan dala 199, aka yi ta tallata cewa farashi ya ragu da rabi, domin wadda ta gabace ta a lokacin dala 399 take. Wannan karon AT&T ne yake biyan Apple gibin, saboda haka ba zai lamunci waya ta fita daga shago ba tare da kwantiragi ba. Sai aka kafa ƙa'ida cewa a cikin shagon za a ɗora wayar a kan layi, a duba tarihin bashin mai saye, ya sa hannu, sannan a miƙa masa. Ranar farko na'urorin da ke tabbatar da rajistar suka kasa ɗaukar yawan jama'a, mutane suka yi awanni a layi, wasu aka sallame su da wayar da ba ta kira ba ta amsawa, alhali an riga an kashe tsohuwar da ke aljihunsu.

Amma abin da ya fi cin ran masu lura shi ne lissafin. Kuɗin data na wata ya tashi daga dala 20 zuwa dala 30, wato ƙarin dala 240 a wata 24, saƙonnin tes 200 da a da suke cikin kuɗin kuma aka ware su aka sa musu dala 5 a wata. Ragin dala 200 da aka yi ta yi wa shela ya narke ke nan tun kafin kwantiragi ya ƙare, har da ɗoriya. Mafi arhar tsari yana kamawa kusan dala 70 a wata, wanda idan aka ninka sau 24 aka haɗa da kuɗin wayar, ya haura dala 1,800 ban da haraji. Wannan ita ce ainihin tsadar wayar da aka rubuta wa dala 199. A ganina nan ne zuciyar matsalar take, domin kamfanin bai yi ƙarya a kowace lamba ɗaya ba, amma ya zaɓi lambar da zai rubuta da manyan baƙaƙe da wadda zai tura can ƙasan takarda, ya kuma san sarai wadda idon mai saye zai tsaya a kanta.

Jama'a ba su taru a kan ra'ayi ɗaya ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Akwai masu cewa wanda ba zai iya fitar da dala 600 a rana ɗaya ba ya samu hanyar riƙe wayar zamani, kuma tunda ko ta yaya zai biya kuɗin kira da data kowane wata, gara ya karɓi rangwamen. Hujjarsu tana da ƙarfi, musamman da yake a wancan lokacin wanda ya zo da wayarsa ta kansa ma kuɗin wata ɗaya yake biya da wanda aka yi wa rangwame. Sai dai wannan hujjar da kanta tana tona wani zalunci: mai wayar kansa yana taya wasu biyan bashin da bai ci ba, wanda kuma ya gama shekara biyunsa bai canza waya ba yana ci gaba da biyan kuɗin da aka riga aka gama fanshewa, tunda ba a rage masa ko sisi. Akwai kuma waɗanda ɓacin ransu ya zo daga baya. A 2009, da iPhone 3GS ta fito, tsofaffin masu hulɗa da AT&T da ba su cika wa'adi ba suka tarar za su biya ƙarin dala 200 a kan abin da sabon shiga zai biya, suka ce ana fifita baƙo a kan ɗan gida. Kamfanin ya amsa cewa bai gama mayar da kuɗin da ya zuba a wayar bara ba, wanda gaskiya ne, amma gaskiyar da ba a bayyana musu da kyau ba ranar da suke sa hannu. Daga baya ya sassauta wa wasu daga cikinsu. Tarar fasa kwantiragi ma ta yi ta hawa, daga dala 175 zuwa 325 a AT&T a 2010, kishiyarsa Verizon kuwa ya riga ya kai tasa dala 350 tun ƙarshen 2009.

A Kanada abin ya fi muni, domin kamfanin sadarwa na Rogers kwantiragin shekara uku ya nema a kan iPhone a 2008, kuma babu tsarin data mara iyaka. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke ta intanet, kamfanin ya ja da baya ya fito da tsarin gigabayit 6 a kan dala 30 kafin ranar fara sayarwa. A Jamus kuwa kotu aka je a ƙarshen 2007, inda kamfanin Vodafone ya ƙalubalanci kishiyarsa T-Mobile, aka tilasta wa T-Mobile na ɗan lokaci ya sayar da buɗaɗɗiyar iPhone, shi kuma ya sa mata Yuro 999 don ya kashe wa mutane sha'awarta, kafin kotun ta janye umarnin.

Ƙorafin bai tafi a banza ba, ko da yake ya ɗauki shekaru. A farkon 2013 buɗe waya ba da izinin kamfani ba ya koma laifi a dokar Amurka, mutane fiye da 100,000 suka sa hannu a koke zuwa fadar shugaban ƙasa, kuma a watan Agusta na 2014 Barack Obama ya rattaba hannu a dokar da ta halatta shi. T-Mobile na Amurka ya jingine kwantiragin shekara biyu a watan Maris na 2013, ya raba kuɗin waya da kuɗin layi kowanne a fili, Verizon ya bi sahu a 2015, AT&T a farkon 2016. Kanada ta hana sayar da waya a kulle daga Disamba na 2017, Birtaniya ta yi haka daga Disamba na 2021. Kada dai a ɗauka igiyar ta tsinke gaba ɗaya. A Amurka yanzu ana raba kuɗin wayar zuwa wata 36, a riƙa yafe wa mutum wani kaso kowane wata muddin yana kan layin, ranar da ya tashi kuma yafiyar ta tsaya, ragowar bashin ya faɗo masa. Wayar da aka karɓa a irin wannan tsari aka sayar kafin a gama biya, ita ce sau da yawa take biyo hanyar Dubai ko Ikeja ta iso hannun ɗan kasuwarmu a kulle.

Saboda haka mai saye a Gombe yana gadon rigimar da ba da shi aka fara ba, kuma ya kamata ya bambance kulle iri uku da ake yawan cakuɗawa. Kullen kamfanin sadarwa shi ne wanda cif yake zagayewa, kuma zagayewar ba ta da tabbas, domin sabunta manhaja ko canza layi yana iya mayar da hannun agogo baya. Ana iya ganinsa a cikin saitin wayar, a sashen bayananta, inda take nuna ko akwai takunkumin layi ko babu. Kulle na biyu shi ne na asusun iCloud, wanda Apple ya shigo da shi a 2013 don karya kasuwar wayar sata, kuma idan mai ita na farko bai cire asusunsa ba, wayar ba ta da amfani sai dai a sayar da kayan cikinta. Na uku shi ne sa lambar shaidar wayar, wato IMEI, a jerin wayoyin da aka haramta saboda sata ko bashi, lambar da kowa zai iya gani idan ya danna *#06#. Ƙari a kan waɗannan, tun daga iPhone 14 ta 2022, wadda aka ƙera don kasuwar Amurka ba ta da ramin sa layi sam sai layin eSIM da ake ɗorawa ta manhaja ba tare da kati ba, abin da ya sa wasu masu gyara suke fafe ta su dasa mata rami. Ɗan kasuwa mai tsoron Allah yana faɗin duk wannan kafin a yi ciniki, kuma akwai su da yawa, amma akwai wanda zai yi shiru ya bar araha ta yi masa magana.

Mu ma ba mu rasa namu darasin ba. Waɗanda suka riƙe wayoyin Starcomms da Multi-Links da Visafone suna tuna yadda ake sayar da su da sauƙi saboda a ɗaure suke da layin kamfanin, da kuma yadda suka zama tarkace da kamfanonin suka durƙushe ko aka saye su, kamar yadda MTN ya sayi Visafone a 2016. Ƙa'idar ɗora layi ma mun ɗanɗana zafinta ta wata fuskar. A watan Disamba na 2020, lokacin da Isa Ali Pantami, ɗan asalin Gombe, yake ministan sadarwa, gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira, a ƙarshen Yuli na 2024 kuma jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin kamfanonin sadarwa saboda rufe layuka, har hukumar kula da sadarwa ta NCC ta ba da umarnin a buɗe su. Dalilin wannan doka tsaro ne ba riba ba, kuma manufarta abar goyon baya ce, amma abin da mutum yake ji iri ɗaya ne idan ya wayi gari wayar da ya saya da guminsa ta ƙi kira saboda wani sharaɗi da aka yanke a inda ba ya nan.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda yake shigowa yanzu. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, farashin waya ya bi ta, mafi ƙarancin albashi kuwa Naira 70,000 ne. Malamin firamare a Kumo ko mai ɗinki a Jekadafari ba zai iya sayen waya mai kyau da kuɗi hannu ba, shi ya sa tsarin biya kaɗan-kaɗan irin na EasyBuy da M-KOPA ya samu karɓuwa. Mutum ya ba da kafin alƙalami, ya tafi da waya, ya riƙa biya kullum ko mako-mako ko wata-wata, kuma a cikin wayar akwai manhajar da za ta kulle ta daga nesa idan biya ya tsaya. Ba na cikin masu tsine wa wannan tsari, domin ya sa waya a hannun mutanen da banki ba zai taɓa kallonsu ba, kuma ya fi na Amurka na da gaskiya tunda ya kira bashi da sunansa. Amma tarkon da ya kama Ba'amurke a 2008 yana nan daram: ana nuna wa mai saye ƙaramar lambar da zai biya yau da wadda zai biya kowace rana, jimillar kuwa sai wanda ya zauna ya ninka da kansa.

Shari'ar Musulunci ta yi magana a kan wannan tun kafin wayar ta zo. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa ya halatta farashin ajali ya fi na kuɗi hannu, muddin an tsayar da shi a lokacin ƙulla ciniki, ta kuma haramta ƙara wa mai saye wani abu saboda ya yi jinkirin biya, domin wannan riba ce. Ta ce mai sayarwa ba shi da ikon riƙe mallakar kaya bayan ya sayar, sai dai yana iya sharɗanta a jinginar da kayan har a gama biya. Idan aka auna da wannan ma'auni, kulle waya yana da fuska matuƙar an bayyana shi tun farko kuma yana ƙarewa ranar da bashi ya ƙare, tarar jinkiri kuwa da ɓoye jimillar farashi ba su da mafaka.

Hukumar NCC da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ba sa buƙatar jiran shekara goma na ƙorafi kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe. Ya kamata a wajabta wa duk mai sayar da waya bashi ya rubuta farashin kuɗi hannu da jimillar farashin ajali kusa da juna da baƙaƙe masu girma ɗaya, a kuma karanta wa mai saye da Hausa ko Fulatanci idan ba ya jin Turanci, maimakon a nuna masa inda zai dangwala yatsa. A fayyace kwana nawa ne na uzuri kafin a kulle, a bar wayar da aka kulle tana iya kiran gaggawa, a hana manhajar kullen leƙa hotuna da lambobin mutanen da ke ciki, a kuma ɗora wa kamfani nauyin cire ta da kansa da zarar an biya kuɗin ƙarshe ba sai mai waya ya yi ta zarya ba. Sannan akwai mutum na uku da ba a cika tunawa da shi ba, wato wanda zai sayi wayar a hannu a kasuwa bai san akwai sauran bashi a kanta ba, ya kai ta gida ta kulle bayan kwana biyu, wanda ya sayar masa kuma ya ɓace. Kamfanonin da ke ba da bashin sun san lambar IMEI ta kowace waya da suka fitar, don haka babu abin da zai hana a tilasta musu buɗe wata gajeriyar lamba da kowa zai danna kyauta, ko da ƙaramar waya ce a hannunsa, ya ga ko akwai bashi a kan wayar kafin ya ƙirga kuɗinsa.